Bashin Mai Tayil

Da faɗa a bakinta Auta ta shiga shagon. Tun a cikin motar haya take bitar abin da za ta faɗa, ta jera kalmomin tsaf, har da inda za ta ɗaga murya da inda za ta buga tebur. Sai dai shagon ba shi da tebur, kuma wanda ta zo dominsa ba ya nan.

Wani saurayi ta tarar a durƙushe gaban injin yanka tayil, ƙura ta yi masa fari fat a gira da gashin baki. Ya kashe injin, ya janye ƙyallen da ya rufe hanci da shi, ya ɗago. Idanunsa kaɗai ƙurar ta bari, su ɗin kuwa sun isa su sa ta manta layin farko na faɗanta.

"Ina Mai Tayil?" ta tambaya, bayan wata 'yar guntuwar sallama.

"Wanne? Babba ko ƙarami?"

"Wanda ya karɓe kuɗin mahaifiyata ya kashe waya."

Murmushin da ya fara ya koma ciki. Ya miƙe, ya goge wani benci da gefen rigarsa, ya ce ta zauna. Ta ce a tsaye ta zo, a tsaye za ta koma.

Gaskiya kuma tana da abin fushi. Mama, wato mahaifiyarta, ta yi shekaru tana koyarwa, ta ƙare da ɗan kuɗin sallama, ta ce burinta ɗaya ne: ta ga falonta da tayil kafin ta mutu. Ta kira Mai Tayil, dattijo mai kamala a fuska, ta biya shi kuɗin kaya da na aiki gaba ɗaya. Ya shimfiɗa rabin falo, sumul abin sha'awa, daga nan ya yi ɓatan dabo. Watanni kenan falon yana haka, rabi ƙyalli rabi tsohon siminti, duk baƙon da ya shigo sai ya yi tuntuɓe a tsakiya. Da Mama ta gaji, sai ta turo Auta, don duk gidan babu mai bakinta.

"Babana ne," saurayin ya ce a hankali. "Yana tsakiyar aikinku ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye. Abin da ya rage na kuɗinku asibiti ya cinye, shi kuma kunya ta hana shi kunna waya. Ban daɗe da baro inda nake aiki na dawo ba. Ba ku kaɗai ke bin mu ba, ke ce dai ta farko da ta zo da ƙafarta."

Auta ta so ta ce ƙarya ce, amma a kantin magani take aiki, ta san fuskar mai jinya in ta gan ta.

"Allah ya ba shi lafiya," ta ce, ba da son ranta ba. "Amma lafiyarsa ba za ta gyara mana falo ba."

"Haka ne. Zaɓi biyu ne: ko in zo in ƙarasa aikin, ko in mayar da kuɗin."

Ta kira Mama a gabansa. Muryar Mama har shi sai da ya ji. "Kuɗi! Kada wani mai tayil ya sake taka min gida."

Ya ce ba shi da su a dunƙule, amma duk ƙarshen mako zai ba da abin da ya samu. Ta karɓi lambarsa, ta ajiye ta a waya da sunan Ɗan Mai Tayil, ta ƙara da kalmar BASHI da manyan baƙi. Ta fito tana jin haushin kanta, domin ko kwatan faɗan da ta zo da shi ba ta yi ba.

Ranar Asabar saƙonsa ya shigo.

"Salam. Ɗan Mai Tayil ne. An samu ɗan abin da ya samu. In kin tashi aiki, shago a buɗe yake."

Ta je. Ta karɓa, ta ƙirga a gabansa don ya san ba wasa take ba, sannan ta ce, "Ai da ka turo ta banki, ka hutar da ni."

Ya sosa ƙeya. "Asusuna yana ɗan ba ni matsala."

"To, dama Mama ba ta yarda da alat ba, ta fi son ta gani a hannu."

Ƙarya ya yi, ita ma ƙarya ta yi, kuma kowannensu ya gane ta ɗan'uwansa. Babu dai wanda ya tona.

A zuwa na gaba ta zauna a bencin. A na bayansa ta tarar ya wanke fuska, ya ajiye kofuna biyu a kan kwalin tayil. Ta fara sanin shagon kamar ɗakinta: gudumar roba da ke rataye a ƙusa, buhunan siminti a lungu, gutsattsarin tayil masu launi da yake tarawa a bokiti don wai bai iya zubar da abu mai kyau ba. Tana kawo wa babansa magani a farashin ma'aikata, tana cewa ba don Allah take yi ba, so take tsohon ya warke ta yi masa faɗan da ta tanada.

Shi kuma ya laƙaba mata suna.

"Mai Bashina, yau ciniki babu yabo babu fallasa. Amma akwai shayi."

"Shayi ba ya rage bashi," ta mayar.

"Shi ya sa nake son sa."

Ta karanta wannan saƙon sau babu adadi a bayan kanta, har wani mai sayen maganin tari ya gaji ya ƙwanƙwasa gilashi.

Abin da ya fara damunta shi ne bashin yana raguwa. Duk ranar da ta kai wa Mama kuɗi, Mama ta yi hamdala, ita kuwa sai ta hau lissafin abin da ya rage. In ya ƙare fa? Da wane dalili za ta sake hawa motar nan zuwa layin masu kayan gini? Shi ma da alama lissafin da yake yi kenan, don abin da yake bayarwa ya dinga ƙanƙancewa, har wata Asabar ya miƙa mata abin da da ƙyar zai biya mata kuɗin mota.

"Wannan fa?" ta ce.

"Kasuwa ce."

"Kasuwar da na ga an sauke maka kaya mota guda?"

Ya kalli kofinsa. "In na biya duka, za ki ƙara zuwa?"

Ta ɗauki jakarta ta fita, amma har ta isa titi murmushi bai bar fuskarta ba.

Yayanta ne ya fara ganowa. "Auta, wai ni kam ke ce ke bin bashin nan, ko bashin ne ke bin ki? Ban taɓa ganin mai zuwa karɓar kuɗi da turare ba."

Mama ba ta yi dariya ba. Malamar makaranta ce, ta san yaron da ke karatu da wanda ya ɓoye wani abu a bayan littafi.

Dama akwai wanda Mama ke so wa Auta, ɗan wata ƙawarta, lauya, mai mota da lafazi. Ba mugu ba ne, sai dai in ya zo hira rabin zancen shari'o'in da ya ci ne. Rannan ya yi tuntuɓe a tsakiyar falo, ya kusa kifawa, Mama ta zayyana masa komai. Ya gyara zaman tabarau ya ce a bar masa.

Bai gaya wa Auta ba ya nufi shagon. Ya ce shi lauyan gidan ne, an gaji da jan rai, ita kanta yarinyar ta gaji da zirga-zirga, in ba a biya ba sai kotu. Kafin Ɗan Mai Tayil ya gama haɗiye wannan, sai ga kiran Mama.

"Yaro, ka saurare ni. Da kuɗina kake sayen lokacin 'yata? Ubanka ya bar min aiki a rabi, kai kuma ka zo za ka ɗauke min hankalin yarinya ka bar ta a rabi. Ka biya ni, ka fita harkarmu."

Bai yi musu ba, don ya san akwai gaskiya a maganarta. Kafin mako ya zagayo, alat ya shigo wayar Mama, cas, babu ragin ko kwabo. Auta kuma ta samu nata saƙon.

"An biya duka. Ki yafe min wahalar da na ba ki. Allah ya huta gajiya."

Babu Mai Bashina, babu shayi. Ta kira bai ɗauka ba.

Mama ta yi murna, ta ce Lauya ɗan albarka ne. A nan Auta ta ji abin da ya faru. Ta samu Lauya ta faɗa masa cikin ladabi cewa ba ta aike shi ba, kuma ya daina ɓata mansa zuwa gidansu don ita. Ya ji zafi, amma ya janye da mutuncinsa.

Sai dai janyewarsa ba ta dawo mata da Asabar ba. Ranar ta zama mata ranar banza. In ta tashi aiki ƙafarta kan kai ta tashar motar layin masu kayan gini, ta tsaya, ta tuna babu abin da za ta je karɓa, ta juya. Ta kan rubuta "Ya jikin Baba?" ta goge. Ta buɗe sunansa don ta cire kalmar BASHI, sai ta kasa, don ita kaɗai ta rage tsakaninsu. Ko kofin shayi aka miƙa mata a wurin aiki sai ta ji babu daɗi, tana neman ɗanɗanon ƙurar nan da ta saba ƙorafi a kai. Kewarsa take, kewa mai ciwo, ta daina ma ɓoye wa kanta.

Shi ma can haka yake. Kullum sai ya goge bencin, ko da yake babu mai zama.

Ranar da maganin babansa ya kamata ya ƙare, ta san da haka, don ita ta ƙirga ƙwayoyin. Ta ɗaure sabo a leda ta hau mota.

Tun daga bakin layi ta ji shagon shiru. Ta same shi a ƙasa yana jan tayil da ƙarfen hannu yana karyawa a gwiwa, yatsunsa duk yanka. Inda injin yake sai shatinsa a ƙasa. Babur ɗinsa ma babu shi a ƙofa.

"Ina injin?"

Bai ɗago ba. "Ya tafi biyan bashi."

"Da me za ka ci abinci?"

"Da hannu. Baba ma da haka ya fara." Sannan ya ce, "An ce kin gaji da zuwa."

"Wa ya ce? Ni na ce maka? Kai da ka iya tambayar mutum ko sukari ya ji, ba ka iya tambayata wannan ba?" Faɗan da ta kasa yi ranar farko yau ya zo, sai dai da hawaye ya zo. "Ka biya Mama. Ni fa? Wa zai biya ni Asabar ɗina?"

Ya ajiye ƙarfen. "Mai Bashina," ya ce, da wata murya da ba ta taɓa ji ba, "wallahi tun ranar da kika ce a tsaye kika zo, ban ƙara zama daidai ba. Aurenki nake so. Amma ba zan aika manyana gidan da aka san mu da rabin aiki ba. Ki roƙar min Mama ta bar ni in ƙarasa falon nan."

Mama ta ce atafau. Kuɗinta sun dawo, ba ta son kyauta, ba ta son ganinsa. Yaya ne ya shiga tsakani, ya ce ai ba kyauta ba ce: Mama ta sayi kaya da kanta, shi ya yi aiki, ba za a ba shi ko sisi ba sai ta ga ƙarshe. Mama ta daɗe tana kallon tsakiyar falonta, sannan ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Ita za ta zauna ta sa ido, Auta kuma kada ta kuskura ta leƙo.

Ya zo da sassafe da aron inji. Mama ta kafa kujera a ɓangaren da babansa ya gama, ta harɗe hannu. Auta na kicin. Sai dai kicin ɗin yana da 'yar taga da ake miƙo abinci ta cikinta, tana kallon kusurwar falo ta ɓangaren da ba a gama ba. A nan Auta ta tsaya tana wanke kofunan da ta riga ta wanke, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Duk mai tayil da baya yake aiki. Yana shimfiɗawa yana ja da baya, ya nufi ƙofa, don in ya sa na ƙarshe ya fita ba tare da ya taka ɗanyen aiki ba. Wannan shi ne abin da ake fara koya wa kowa a sana'ar. Ɗan Mai Tayil ya san shi kamar sunansa. Amma ranar, hannunsa yana aiki, kunnensa yana wani wuri. Ya kwaɓa, ya shimfiɗa, ya daddaka da gudumar roba, ya ja da baya. Bai tashi farga ba sai da bayansa ya bugi bango.

Ya waiga. Ƙofa tana can, ya rufe gabanta tun ɗazu. Hagu ɗanyen tayil, dama ɗanyen tayil, shi kuma tsugune a gurbin ƙwaya ɗaya a kusurwa, daidai ƙarƙashin tagar kicin.

Yaya ya leƙo daga hanyar ɗakuna, ya ga abin da ake ciki, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam mai aiki," Mama ta ce, "an gama ne?"

"Saura ɗaya, Mama. Ina kansa."

"To fito mana."

"In na taka za su nutse. Sai sun ɗan kama."

"Ka taka, na yafe. Ka tafi gida, zan sa a gyara."

Ya girgiza kai. "Gara in wuni a nan."

Yaya ya ce bari ya nemo katako a shimfiɗa. Mama ta ɗaga hannu. "Bar shi." Yaya ya ce to ko ya haura ta tagar kicin. Mama ta harare shi. "Ta nan kam babu hanya tukuna."

Ta gyara zama, ta yi masa tambayoyin da ba ta taɓa yi wa ɗalibi ba. Nawa yake samu, wa ke kula da babansa, mutum nawa suka rage da ke bin su, me ya sa ya sayar da injinsa. Ya amsa daga tsugune, ƙafafunsa na rawa don sagewa, bai ƙara ba bai rage ba. Da ta tambaye shi yadda aka yi ɗan mai tayil ya rufe kansa a lungu, ya sunkuyar da kai.

"Murya na bi, Mama."

A kicin kofi ya suɓuce ya faɗi.

Da Mama ta sake magana, muryarta ta sauka. "Ka san wa ya fara ginin gidan nan? Ubansu. Ya kai ginin daidai taga, ya ce zai je neman kuɗin rufi. Auta na goye a bayana. Ba mutuwa ya yi ba, yana can da ransa, da wasu 'ya'yan. Ni na rufa gidan nan da albashin koyarwa. Don haka in na ga mutum ya ajiye kayan aiki ya ce yana zuwa, ba kuɗi nake tunawa ba."

Auta ba ta taɓa jin Mama ta faɗi wannan a gaban baƙo ba. Ta jingina da bango tana kuka ba sauti.

"Ba ni da abin da zan rantse miki da shi wanda shi bai rantse ba," Ɗan Mai Tayil ya ce. "Sai dai ki sa min ido, kamar yau."

Mama ta share ido da bakin mayafi, ta ɗaga murya. "Auta! Kin bar bawan Allah da ƙishi. Miƙa masa ruwa."

Hannu ya fito ta tagar da kofin ruwa. Ya karɓi kofin ba tare da ya ɗaga kai ba, amma sai da ya raɗa, "Na gode, Mai Bashina."

Sai da rana ta yi sanyi Mama ta bari aka shimfiɗa katako. Ya hau, ya juya, ya dasa ƙwayar ƙarshe a inda ya wuni, ya daddaka ta, ya goge. Ya rarrafo ya fito, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, Yaya ya tare shi. Mama ta biya shi kuɗin aikinsa cif, ta ce kada ya kuskura ya ce ya bar mata.

"Ka je ka fanso injinka," ta ce. "Sannan ka ce wa manyanka ina gida."

Saƙon da ya shigo wayar Auta da yammar nan gajere ne.

"Ƙafata ta mutu, amma zuciyata lafiya lau. Gobe ma zan iya zama a lungun."

"Ka zauna a gida ka huta," ta mayar. "Yanzu kuma ni ake bi bashi."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Ranar, aka kawo tsohon Mai Tayil yana dogara sanda, hannu ɗaya a naɗe a ƙirji. Ya tsaya a ƙofar falo ya kasa shiga, bakinsa na rawa yana neman kalmar ban haƙuri. Mama ta taso da kanta ta ce, "Shigo, Malam. Ɓangarenka ma babu inda ya motsa. Abin da ya wuce ya wuce." Tsohon ya zauna yana hawaye.

Da lokacin tafiya ya yi, Mama ta kamo hannun Auta ta kira ango. Yaya ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar Mama ya fasa.

"Wancan karon kuɗi na bayar, kuma sun dawo," ta ce. "Wannan in ka ajiye ta a hanya, babu injin da za ka sayar ka biya ni."

"Ba zan ajiye ba, Mama."

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare a ɗaki ɗaya."

Falon ya amsa da amin. Mama ta saki hannun 'yarta a hankali, yatsa bayan yatsa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu har suka sha kwana.